Ɗaya Shagon Hamidu

Iklima na tsakar gida tana tsinke zogale, waƙa a bakinta, sai ga Baffa Ado ya yi sallama. Tun daga yadda ya watsar da takalmansa ta san ba alheri ya kwaso ba. Baffa Ado yayan mahaifinta ne, Malam Sanusi, kuma shi aka tura unguwar Bukoki ya binciko halin Hamidu, saurayin da take so, kafin a sa rana. A Tawa yake zaune, Hamidu bai taɓa ganinsa ba, shi ya sa aka zaɓe shi.

"Sanusi, yaron nan maƙaryaci ne," in ji Baffa, tun bai gama zama ba. "Na je kamar mai saye. Na ce ina son fitilar mota. Ya ce, 'Akwai, Alhaji, zauna in ɗauko a ɗaya shagona.' Ya fita da gudu, na bi shi a baya. Ka san ina ya shiga? Shagon wani Ibo, ga sunan mutumin ɓaro-ɓaro a allo. Na ce madubi, ya ce ɗaya shagona, ya faɗa na wani Ibon daban. Shago uku ya ce nasa ne, alhali ɗan akurkin da na same shi ciki kaɗai gare shi."

Malam Sanusi shekara talatin ya yi yana koyarwa a lakkol, wato makarantar boko. Talauci bai dame shi ba, amma ƙarya ko ta wasa ce ba ya shanye ta.

"Wanda ya ari shago ya ce nasa ne, gobe gida zai ara ya nuna mini," ya ce. "An fasa."

Tiren zogalen ya suɓuce wa Iklima. "Baba, wallahi ni shago ɗaya ya ce mini yana da shi. Shekara bakwai ya yi hannun patron ɗinsa, ubangidansa na kasuwa, kafin ya sallame shi ya buɗa masa—"

"Ke ya gaya wa gaskiya, ya gaya wa yayana ƙarya? To harshe biyu ke nan. Ba ke ba shi."

Ta shige ɗaki ta yi kuka har ta gode Allah. Tana son Hamidu, so na tsakani da Allah, kuma ta san ba mayaudari ba ne, sai dai ba ta da hujjar da za ta kare shi. Da Inna Hajjo, mahaifiyarta, ta shigo lallashi, Iklima da kanta ta miƙa mata wayarta.

"Riƙe mini, Inna. In tana hannuna zan kira shi, ni kuwa ba na son in saɓa wa Baba."

Kwana goma aka yi haka. Iklima na girki, tana wanki, tana gaida mahaifinta safe da yamma, ba ta taɓa ɗaure masa fuska ba. Ramewa dai ta yi, kuma Malam ba makaho ba ne.

Ran Asabar da hantsi ya haɗa kayan na-gani-ina-so a jaka. Ya ce irin wannan aike ba a ba wani, shi zai mayar da hannunsa. Ya hau taksi daga unguwarsu Kirkisoy, aka ƙetare gada, ya sauka layin masu kayan mota a Bukoki. Shagon Hamidu a buɗe, mai shi ba ya nan, an ce ya kai kaya garaji. Malam ya zauna kan benci, jaka tsakanin ƙafafunsa.

Bai jima ba sai ga wani Ibo ya faɗo shagon da gudu, ya zari kwalin buji, wato fulogin mota, daga kanta, ya juya abinsa ko sallama babu. Malam ya miƙe da jakarsa ya bi shi, yana shirin kiran ɓarawo. A bakin shago na huɗu ya cim masa, ya ji yana ce wa wani direba, "Ga shi, daga ɗaya shagona."

Malam ya yi turus.

"Malam, lafiya?" Wani dattijon Ibo ne mai tumbi da jar hula, Hausa a bakinsa kamar ɗan Maraɗi. Shi ne Obiyora, ubangidan Hamidu. Da ya ji ko wane ne baƙon, ya ja shi inuwa, ya sa aka kawo goro. Ya ce a garinsu ba a shiga magana da baƙo sai an fasa goro, Malam ya ce ai mu ma haka. Sannan Malam ya zayyana masa komai.

Obiyora ya yi dariya har da hawaye. "Malam, shago goma sha ɗaya ne a layin nan, duk na yarana ne. Kowanne ya zauna hannuna, ya koyi sana'a, na sallame shi da jari, kamar yadda nawa ubangidan ya yi mini a Anaca. Ƙaramin shago ba ya cin kaya duka. In an nemi abin da ba ka da shi, sai ka ɗauko wurin ɗan'uwanka, kowa ya ci rabonsa. Da na ɗauki Hamidu, mutanenmu cewa suka yi Bahaushe ba zai jure ba. Shekara bakwai makullin sitona na hannunsa, ko ƙusa bai ɓata ba."

Ana cikin haka Hamidu ya iso. Shi ma ya rame. Da idonsa ya sauka kan jakar sai ya durƙusa.

"Shagonka nawa?" Malam ya tambaya.

"Ɗaya, Baba."

"Me ya sa ka ce wa yayana uku, ran da ya zo maka kamar mai saye?"

"Haka na taso na ji ana faɗa, Baba. Ban taɓa ɗaukarta ƙarya ba. Amma in an bi gaskiya, ba nawa ba ne. Na daina daga yau."

Amsar ta yi wa Malam daɗi, don Hamidu bai kare kansa ba. "Ka dinga cewa shagon ɗan'uwana. Ya fi gaskiya."

"Haba Malam," in ji Obiyora, "ai in mai saye ya ji haka, gobe can zai wuce kai tsaye."

"In ɗan'uwansa ne kamar yadda ka ce, ina asarar?"

Obiyora ya sosa ƙeya. "Malamin lakkol ke nan. Ka ci ni."

Da azahar Iklima na shanya ta ji sallamar mahaifinta. Ba ta so ta juya ba, don ta san abin da ya fita yi. Da ta juya, sai ta ga jakar a hannunsa, cike yadda ta fita.

"Karɓi kayanki ki adana," ya ce. "Ki ce wa Innarki ta ba ki wayarki. Na yi hukunci da jin kunne, ke kuma kin yi mini biyayya. Allah ya yi miki albarka."

Ta rungume jakar tana dariya tana hawaye.

Bayan ƙaramar salla aka ɗaura aure. Ranar shago goma sha ɗaya suka rufe a Bukoki, Obiyora ya zauna kusa da dangin ango da jar hularsa, Baffa Ado kuwa sai sunne kai yake. Kowace al'umma da yadda take riƙon ɗan'uwa, kuma wanda ya ga rabin abu kada ya yanke hukuncin dukansa. Iklima dai ta yi haƙuri, ta auri wanda take so da albarkar mahaifinta.