Kakan Aro

Da ba don gidan Ustaz Labaran na unguwar Alhilla Kuku ba, da har yau Turawan Ingila na zaune a Khartoum suna shan shayi a bakin kogi. Kakansa, Labaran na farko, yana cikin waɗanda suka fito zanga-zanga a Omdurman a 1924. Ya sha bulala, ya mutu a kurkuku, ya bar wa Sudan 'yanci, ya bar wa jikansa suna.

Haka Ustaz ya shimfiɗa maganar ranar da dangin Wa'il suka zo neman auren 'yarsa Duha. Ba wanda ya tambaye shi tarihi. Abin da Ammu Almahdi, yayan marigayi mahaifin Wa'il, ya tambaya kawai shi ne, "Ku asalinku daga ina?" Ya haɗa da murmushin nan da tsofaffin gidajen Omdurman ke yi wa Bahaushe, ko da a nan aka yanke cibiyarsa da ta ubansa.

Duha na bayan labule da tiren gahawa a hannu. Ta ji wannan labarin tun tana rarrafe, amma yau ne ta fara jin wani baƙo ya ɗauke shi da muhimmanci.

"Subhanallah!" in ji Ammu Almahdi, ya ajiye kofi. "Nawa kakan ma an ɗaure shi a shekarar. Ni ne shugaban ƙungiyar jikokinsu, ya Ustaz! Ashe 'yan'uwa ne mu?"

"Na jini da gwagwarmaya," in ji Ustaz, yana gyara rawani.

"To ka kawo mana dattijo ɗaya da ya ji daga bakin waɗanda suka gani, ya dafa Alƙur'ani a gaban 'yan ƙungiya. Ka yi haƙuri, jikokin bogi sun yi mana yawa. In an yi haka, ba wanda zai ƙara buɗe baki a danginmu kan wannan auren."

Wato dai akwai masu buɗe baki. Duha ta san su, mahaifiyar Wa'il ce a gaba.

Dattijuwa ɗaya ta rage a dangi, Gogo Hansatu, mai suyar kifi a Jabal Awliya. Ustaz ya daɗe bai je ba, don warin kifi na kama masa jallabiya. Sai ya tura Duha.

Wa'il ya kira ta tana cikin mota, an tsare su a bakin gada, sojoji na leƙa fuskoki ɗaya bayan ɗaya.

"Habibti, masoyiyata, kin isa?"

"Ko gada ba mu haye ba."

"Ki gaishe min da Gogo. Ki ce mata rayuwata na hannunta!"

"Rayuwarka na hannun wanda ya mutu kusan shekara ɗari, Wa'il. Ni kuma ina tsakiya kamar kayan gado."

"Haba ya ruhi... kwana nawa ne? A yi rantsuwa, a sa rana, shi ke nan!"

Ta kashe wayar tana murmushi. Tana son sa, har da wannan halin nasa na ganin kowane dutse kamar tudun yashi.

Ta tarar da Gogo a rumfarta kusa da madatsar ruwa, hayaƙi ya rufe ta, tana juya kifi a kasko.

"Ke Duha! Wa ya mutu?"

"Ba kowa, Gogo. Aure ne."

"To da sauƙi. Mutanen gidanku ba sa tako nan sai da gawa. Zauna, kar ki ɓata wannan mayafin."

Duha ta zauna a kan buhu, ta kwashe komai ta faɗa mata. Gogo ba ta katse ta ba. Da ta zo kan Alƙur'ani, sai tsohuwar ta janye itace daga murhu.

"Ubanki ya ce Labaran kakansa ne? A gaban Larabawa?"

"Ai kullum haka yake cewa..."

"A tsakar gida yake cewa. Tsakar gida ba ta rantsar da mutum." Ta goge hannu a zaninta. "Su biyu ne, 'yar nan. Labaran da Tanko. Tare suka taso daga ƙasar Hausa za su Makka, guzuri ya ƙare musu a Omdurman, suka shiga sayar da ruwa a jaki. Ranar da gari ya rikice, Labaran ya miƙa wa Tanko igiyar jakinsa ya ce, riƙe min in ga abin da ake yi. Ko Larabcin kirki bai iya ba. Amma da ya ga dokin ɗan sanda zai taka wata tsohuwa, sai ya cafke linzamin. Daga nan ba a sake ganin sa a tsaye ba."

"Tanko fa?"

"Tanko ya riƙe igiya. Amana aka ba shi, ya kai ta gida da gudu."

"Amma Gogo... Abba ya ce Tanko laƙabin Labaran ne!"

"Shi ya haɗa mutum biyu ya yi ɗaya. Ai ya yi jami'a."

Gogo ta ci gaba.

"Labaran 'ya ɗaya ya bari, uwata. Tanko ya ɗauke ta ya tafi yankin Jazira tsinkar auduga, ya riƙe ta kamar shi ya haifa. Can ya yi aure ya haifi kakanki Balarabe. Da aka haifi ubanki, Tanko ya roƙa a sa masa sunan abokinsa, bai kuma daɗe ba ya rasu. Uwata ba ta iya faɗin sunan mahaifinta, sai ta riƙa kiran jaririn Babana. Gida duk ya ɗauka. Yaro ya tashi ana ce masa mai sunan Baba. A gidan Bahaushe kuwa wa ake yi wa takwara in ba kaka ba?"

"Ba wanda ya gaya masa?"

"Wa zai kalli yaro ya ce kakanka shi ne wanda ya gudu? Mutumin da ya ciyar da uwata? Kunya muka yi, Duha. Ga shi ta girma ta sa rawani."

"Wato ke ce jikar Labaran..."

"Ni kaɗai. 'Ya'yana ba su rayu ba. Daga ni an rufe." Ta mayar da itacen cikin murhu. "Kina son yaron?"

Duha ta fashe da kuka, ita ce amsar.

Ta gaya wa mahaifinta da rana tsaka, yana kwance a gadon igiya yana fifita da jarida don an ɗauke wuta.

"Gogonki ta tsufa," in ji shi. "Hayaƙin kifi ya hau mata kai."

"Abba, ba ta rikice ba. Sunaye ta kawo, da wurare..."

"Ni malamin tarihi ne! Shekara nawa ina koyar da shi? Yanzu mai suyar kifi ce za ta gaya min wane ne kakana?"

"To in ta ƙi rantsewa fa?"

Ya ajiye jaridar. Ya juya fuska bango. Amma washegari da sassafe ya sa tsohuwar jallabiya, wadda ba ya jin tsoron ta yi wari, ya hau motar Jabal Awliya. Da ya dawo bai kalli Duha ba. Ya ce wa ƙofa, "Za ta zo."

Wa'il ta samu a ƙarƙashin bishiyar mai shayi, kusa da ofishinsu. Ya saurare ta har ƙarshe, yana juya cokali a kofin da sukarinsa ya daɗe da narkewa.

"Duha, ni ba Labaran na farko nake nema da aure ba. Ke nake nema!"

"To je ka faɗa wa Ammunka haka."

Cokalin ya tsaya.

"Ka ji? Ka ce masa kakan Abba mai ruwa ne da ya gudu da jakai, kuma duk da haka kana so na."

"Kin san Ummi... kin san Ammu... In maganar nan ta fito, za su ce kun yi musu ƙarya a zaurenku. Ba za su sake takowa ba har abada."

"Sai tsohuwa ta dafa Alƙur'ani a kan ƙarya?"

"Ban ce haka ba! Cewa na yi... a bari a wuce wurin nan kawai, ya ruhi. In mun yi aure sai mu gyara komai."

Ta kalle shi. Idonsa ya yi ja, da gaske yake son ta. Sai dai son nasa bai kai tsawon da zai tsaya gaban Ammu ba. Ta ƙudurta a ranta ita za ta faɗa, ko da kuwa ranar ce ta ƙarshe da za ta ga fuskarsa.

Ranar Juma'a bayan la'asar aka taru a babban zauren Ammu Almahdi a Omdurman. Tsofaffi cikin fararen kaya sun jeru, kowanne da kakansa a baki. Aka shigo da Gogo, ta yi alwala, ta sa sabon mayafin da Ustaz ya saya mata, har yanzu da karin shago a jikinsa. Ustaz na gefe yana jan carbi da sauri kamar ana bin sa.

Gogo ta ba da labarin linzamin doki da Larabcinta na kasuwa. Wani tsoho ya share hawaye. Sai Ammu ya ɗauko Alƙur'ani.

"Ya Hajja, wannan Ustaz jikan marigayin ne na jini?"

Duha ta miƙe daga bakin ƙofa.

"Ammu, akwai abin da..."

"Zauna," in ji Gogo da Hausa, ba ta ko waiwayo ba. "In kika buɗe baki ban yafe miki ba, duniya da lahira."

"Me ta ce?" Ammu ya tambaya.

"Addu'a take yi mata," in ji Ustaz.

Duha ta dubi Wa'il. Kansa na ƙasa, yana nazarin tabarma. Ta dubi mahaifinta, karo na farko a rayuwarta ta gan shi ƙarami. Ta zauna. Ba wanda ya ja ta, da kanta ta zauna.

Gogo ta ɗora hannunta mai ƙunar mai a kan Littafin.

"Na rantse. Jikansa ne."

"Allahu akbar!" Zaure ya ɗauka. Aka rungume Ustaz, aka sumbaci goshinsa.

"Ke kuma Hajja," in ji Ammu cikin ladabi, "me kike ga marigayin?"

"Ba komai. Uwata a gidansu ta tashi. Riƙonta suka yi."

"Gidan alheri ke nan tun asali," in ji Ammu, ya juya wajen Ustaz. Daga nan ba wanda ya sake tambayar ta wani abu.

Aka yi bikin bayan ƙaramar Salla. Aka kafa rumfa ta toshe layin Alhilla Kuku gaba ɗaya, mahaifiyar Wa'il da kanta ta yi guɗa, ta ce wa ƙawayenta amaryar 'yar gidan gwagwarmaya ce. Da azahar aka fito da abinci, aka ba Ustaz lasifika don ya yi godiya a taƙaice. Ya fara daga 1924.

Duha ta zame daga cikin ƙawaye, lalle har gwiwar hannu, ta ɗauki faranti ta zagaya bayan gida. Can ta sami Gogo wajen tukwane, zaune a kan kujerar tsugunno, ita kaɗai.

"Gogo, ga nama. Tun safe ban ga kin sa komai a baki ba."

"Azumi nake."

"Yau? Ba Litinin ba, ba Alhamis ba..."

"Tun ranar nan nake yi, ina hutawa ina komawa."

Duha ta durƙusa a gabanta, ta ajiye farantin.

"Kaffara ce?"

"Na tambayi limaminmu, na ce wata ce ta aike ni. Ya ce rantsuwar da mutum ya yi yana sane ƙarya ce, ta wuce kaffara. Azumi ba ya goge ta. Sai dai tuba, da abin da Allah Ya ga dama."

"To me ya sa kike yi, Gogo?"

"To me zan yi? In zauna haka?"

Daga lasifika muryar Ustaz ta cika unguwa: jinin da ke gudana a jikinsa, in ji shi, jinin da bai taɓa ja da baya ba ne. Aka yi tafi.

"Gogo, ki yafe min... Na miƙe, sai na zauna. Na zauna, Gogo!"

"Ni na ce ki zauna. Kar ki raba min kayana, ba ki iya ɗauka ba." Ta kama bakin mayafinta ta dangwale mata hawayen a hankali, don kada kwalli ya zubo. "Yaron yana da kirki?"

"Yana da kirki."

"To ya isa. Tashi, ana neman amarya."

Duha ta tashi. Daga kwanar gida ta waiwayo. Gogo ta kife wani faranti a kan naman saboda ƙuda, ta tura shi inuwa, ta ɗaga kai ta dubi rana. Da sauranta sosai kafin ta faɗi.