Rumfar Kan Rijiya

Nono na fita saye a ƙofar gida bayan Azahar, don dangin maigidana sun zo mana Gummi daga Anka: uwarsa da ƙannensa mata, Saude da Lubabatu. Saboda zuwansu ne ya cike busasshiyar rijiyar tsakar gidanmu da ƙasa, ya kafa rumfa a kai don su sami wurin shan iska. Wallahi rumfar ta yi daɗi. Kullum a ci tuwon shinkafa, a baje tabarmi, a yi ta kitso da hira har gyangyaɗi ya kwashe mutum.

Da na dawo da ƙwaryar nonon, sai na tarar da wata doguwar mata zaune a cikinsu, ta lulluɓa da baƙin zane. Na ɗauka 'yar Anka ce ta biyo su. Su kuma, a zatona, sun ɗauka maƙwabciyata ce. To, wa ke tambayar baƙo ko shi wane ne? Na gaishe ta, ta gyaɗa kai kawai.

Ɗana yana kan cinyarta.

Ɗan fari ne, ko yaye shi ban yi ba. Kun dai san halinmu: uwa ba ta kula ɗan fari a gaban surukai, ba ta faɗin sunansa, ko kuka yake yi sai ta kau da kai. Na zauna ina dama fura kamar ban gani ba, amma hankalina yana can.

Sai na ji wari. Warin laka, irin ta ƙasan rijiya.

Kaji suka yi tsit. Lubabatu ta saki kitson Saude a rabi, barci ya sace su duka biyu. Matar tana jijjiga yaron, tana magana ƙasa-ƙasa.

"Nawa ɗan ma barcin rana shika yi. Aka zuba mai ƙasa, kwando bayan kwando. Ina ta kira, ba wanda ya ji."

Ta ɗago ta dube ni. Babu fari a idonta.

"Ku kun samu inuwa. Ni mi na samu?"

Tabarmar ta fara lotsawa. Ƙasa tana shanye matar a hankali, da ɗana a hannunta. Gwiwoyinta suka ɓace. Ƙugunta ya ɓace.

Surukata kuwa idonta biyu, tana fifita da mafici, tana murmushi.

"Wanga yaro akwai son mutane," in ji ta.

Ba ta ganin komai.

Yaron ya buɗe baki zai yi kuka. Yashi ne ya zubo.

Kunyar banza!

"Nuraddeen!"

Ban taɓa faɗin sunan ba sai ranar. Na yi jifa da ƙwarya, na faɗa kansu, na damƙi ƙafarsa. Tana ja, ina ja. Hannunta ya taɓa nawa, sanyi har cikin ƙashi. Ina ta a'uzubillahi, harshena na sarƙewa.

"Ja dai," ta raɗa mini. "Ni ba ni gaggawa."

Ta saki. Na faɗi da baya, yarona a ƙirji.

Tabarma tana shimfiɗe lafiya lau, ba kowa a kai. Surukata ta dafe ƙirji tana salati.

"Hidaya! Sunan ɗan fari? A gabana?"

"Inna, matar fa! Matar da ta riƙe shi!"

"Wace mata?"

Maigidana ya yarda da ni, Allah ya saka masa. Ya rushe rumfar, ya sa aka kwashe ƙasar, malamai suka yi karatu, aka yi sadaka. Mutanen Anka har yau marar kunya suke ce mini. Su yi ta faɗi, bakinsu ne.

Nuraddeen ya yi ƙafa, ya yi baki. Yana kiran kowa a gidan da sunansa, ni kaɗai ce bai taɓa kira da komai ba. Da an yi Azahar nakan goya shi, duk nauyinsa, don in na yi sake zai sulale ya tafi bakin rijiyar, ya leƙa ta tsakanin itatuwan da muka rufe ta da su, ya ce, "Inna, ga ni."

Jiya na ji an amsa masa.