Furar da Inna Ta Shigo da Ita

"Inna, me na yi miki? Me na yi miki, Inna!"

Juwairiya ce ke kuka a tsakiyar ɗaki, kwamfuta a buɗe kan tebur da saƙon an soke jarrabawa. Inna na tsaye bakin ƙofa da kwanon fura a hannu, ta kasa gaba ta kasa baya.

Jarrabawar GRE ce, wadda sai da sakamakonta wata jami'ar ƙasar waje za ta ba Juwairiya gurbin digiri na biyu. A gida take yin ta, mai sa ido na kallon ta ta kyamara, kuma dokarsu ba wasa: wani ya shigo ɗakin, shi ke nan. Kafin a ba ta damar sake zama kuwa, an rufe karɓar takardu na bana.

Tun farkon damina yarinyar nan ke fama. In ta sauka daga babur ɗin okada daga makarantar da take koyarwa a Shabu, ko hijabi ba ta cirewa take hawa lissafi. Ikrama, wanda aka sa musu rana, shi ke zama a zaure yana jefo mata tambayoyi yana duba agogo.

"Ki ci kawai, sanyin idona," yakan ce. "Ko bangon duniya kika je, ina nan."

Yau ma shi ya kawo janareta har gidansu a Akurba, shi ya ce zai tsare ƙofa.

"Ce mini aka yi an ba ki hutu..." in ji Inna. "Wai jiri na ɗibar ki, ba ki karya ba."

"Wa ya ce?"

Inna ta sunkuyar da kai. "Shi... yaron nan."

Kukan ya tsaya cak. Inna Bafulatana ce ta gaske, Juwairiya kuma 'yar fari. Ko sunanta ba ta taɓa kira ba don kunya, sai dai "ke", bare ta dama mata fura da hannunta ta biyo ta har ɗaki. Yau ta fara, kuma tsawa ta samu.

Juwairiya ta fita, ta sami Ikrama tsugune gaban janareta, yana ta gyaran abin da bai lalace ba.

"Kai ka tura ta?"

"Na ɗauka an yi hutu ne, wallahi..."

"Kar ka rantse! Kai ka karanta mini dokokin, Ikrama. Kai ka ce ko kaza kada a bari ta leƙo!"

Ya miƙe yana goge hannu a wando, ya kasa haɗa ido da ita.

"Juwai, tsoro nake ji. In kin tafi kin ga duniya, za ki dawo wa mai shagon gyaran waya? Kowa a kasuwa sai ya ce na yi sake. Ba na barci, wallahi son ki ne ya..."

"So?" Ta yi wata dariya mai ciwo. "Da ka buɗe baki ka ce kar in tafi mana! Da mun yi faɗa, mun shirya. Ko ka kashe janaretar, in ce tsautsayi ne. Amma uwata?"

"Ban zaci za ki..."

"Ka zaɓe ta ne don ka san kunyar suruki ba za ta bar ta ta fallasa ka ba. Ta sha laifin, kai ka zo kana lallashi na. Ka sa na ɗaga wa Inna murya, Ikrama! Ni!"

Son sa bai tafi ko'ina ba, abin da ya fi ƙona mata rai ke nan. Ta zare zoben da ya sa mata, ta ɗora kan tankin janareta.

"Haɗa da kayanka."

"Juwai, don girman Allah..."

Ba ta waiwaya ba.

Inna na zaune kan tabarma a tsakar gida, ta rufe furar da faifai, tana kallon ƙasa. Juwairiya ta durƙusa gabanta.

"Inna, ki yafe mini..."

Inna ta ɗago, idonta ya yi ja.

"Juwairiya."

Ta ɗaga kai a firgice. Ba ta taɓa jin sunan a wannan bakin ba.

"Baɗi suna sake yi?"

"Suna yi, Inna."

"To ni zan zauna a ƙofar." Ta cire faifan, ta tura mata kwanon. "Sha. Har yanzu ba ki karya ba."

A waje ƙarar janareta ta ɗauke. Juwairiya ta kama ludayi, hawaye na ɗiga cikin furar, ta kai bakinta.