Wankan Kaka Mindel

"Umma, me ya sa Kaka Mindel take wari?"

Zarah ce ta jefo tambayar da ƙarfi a matakalar benensu da ke unguwar Plumstead a ƙasar Turawa, tsohuwar kuwa tana gabansu, dafe da bango tana haki. Karimatu ta damƙe hannun 'yarta kamar za ta ɓalle shi, amma ina! Tsohuwar ta riga ta ji. Ta juyo idanunta cike da ƙwalla ta ce, "Ƙyale ta, 'yata. Gaskiya ta faɗa, na daɗe rabona da wanka."

Kaka Mindel Bayahudiya ce, ta haura shekara casa'in, flat ɗinta, wato sashenta na benen, yana jikin nasu. Allah bai ba ta haihuwa ba. Mijinta, wani Bature direban bas, ya rasu ya bar ta da ɗan da ya haifa da matarsa ta farko, shi kuma aiki ya kai shi Scotland. Sai ragamar tsohuwa ta koma hannun matar ɗan, Sandra. Tun da Kaka ta zame ta faɗi bara, Sandra ta sa aka cire bahon wankanta aka maƙala shawa, wai don lafiyarta. Daga nan masifa ta fara. Duk ranar da Sandra ta zo sai an ji ihu ta bango, ihu mai tayar da tsikar jiki, sannan Sandra ta fito tana shaida wa maƙwabta cewa tsohuwa ta haukace, ta ma kira council, wato ƙaramar hukuma, su zo su kai ta gidan da ake kulle masu ruɗewar tsufa. Kowa a benen ya san flat ɗin take hari.

"Ki fita harkar nan, Maman Zarah," in ji Lawal, mijin Karimatu. "Maganar dangi ce, kuma mutanen nan ba namu ba ne."

"Haƙƙin maƙwabtaka fa, Baban Zarah? Da aka ce a kyautata wa maƙwabci, an ce sai namu? Wallahi in na sake jin ihun nan sai na shiga!"

Ranar Laraba da hantsi ta ji shi. Ta ajiye ludayi, ta zari hijabi, ta tura ƙofar da aka bari a buɗe. Innalillahi! Kaka Mindel ce tsugune a lungun banɗaki, jiƙe sharkaf, ta rufe kai da hannuwa tana kiran uwarta, Sandra na fizgar damtsenta zuwa ƙarƙashin ruwa.

"Sake ta!" Karimatu ta daka mata tsawa. "Sake ta, azzaluma, ko yanzu na kira 'yan sanda!"

"Ke kuma a wa? Gobe ma'aikaciyar council za ta zo, sai ki hana ta!" Sandra ta figi jakarta ta buga ƙofa.

Karimatu ta kashe shawar, ta lulluɓe tsohuwar da tawul ta rungume ta. Sannan Kaka Mindel ta fara magana. "Ba hauka nake ba, 'yata... Ina yarinya, lokacin yaƙin duniya na biyu, sojojin Nazi masu farautar Yahudawa suka loda mu a jirgin ƙasa kamar shanu, suka kai mu sansani a Poland. Ni doguwa ce, sai aka ware ni cikin masu aikin bauta. Mamata da ƙanena aka ce su je su yi wanka. Ta ɗago min hannu ta ce yanzu za su dawo. Ɗakin an yi shi kamar na shawa, amma iskar guba aka sakar musu... Tun daga ranar ban taɓa tsayawa a ƙarƙashin abin nan ba. Sandra ta sani! Ni na gaya mata da bakina, ina kuka."

Hawaye suka wanke fuskar Karimatu, zuciyarta na tafasa. "Allah ya isa! Ashe da gangan ne!" Ta share ido ta miƙe. "Kaka, mu a gida ba ma jiran ruwa ya zubo daga sama. Jira ni."

Ta dawo da bokiti, moɗa da 'yar kujera. Ta sirka ruwa, ta zaunar da ita, ta miƙa mata moɗar. "Ke za ki zuba da hannunki, lokacin da kika ga dama." Tsohuwa ta ɗebo, ta zuba a ƙafa, sannan gwiwa, sannan kafaɗa... sai ta fashe da dariya haɗe da kuka.

Washegari ma'aikaciyar ta iso, wata 'yar Jos mai suna Kachollom, Sandra na biye da ita tana zuba ƙarya. Suka tarar da Kaka fes, an taje mata kai, tana shan shayi. Ta ba da labarinta tiryan-tiryan, sannan ta naɗe hannun riga ta nuna shatin yatsu da ya yi baƙi a damtsenta.

"Ƙarya ne! Faɗuwa ta yi!" in ji Sandra.

"Faɗuwa mai yatsu?" in ji Kachollom. "Ajiye makullin ɗakin Kaka a tebur."

Aka hana Sandra sake taka benen, 'yan sanda suka karɓi maganar, mijin Sandra ya zo daga Scotland ya durƙusa gaban tsohuwa yana neman gafara. Kaka Mindel ta ci gaba da zama a ɗakinta, inda take son ta cika.

Kai mai karatu, ina gargaɗinka: duk ranar da ka ji tsoho yana kuka a bayan bangonka ka ƙara sautin talabijin, ka sani da kai aka zalunce shi, kuma Allah zai tambaye ka.