Jiƙaƙƙun Ƙafafu a Duniyar Wata

Tun ranar da bangon ramin da suke noma ya tsage, Selepa ta rufe ƙofarsa yayanta Panapa na ciki, don kada iskar unguwa ta tsiyaye, har ya mutu a can, ba ta ƙara jin daɗi ko ɗacin komai ba. 'Yan Tuvalu da teku ta koro zuwa duniyar wata sun gode mata, amma ba wanda ya sake ɗora hanci a kuncinta, gaisuwarsu ta gida.

Daren nan tana gadi ita kaɗai, bango ya sake tsagewa, iska na fita kamar ana fito. Faifan ƙarfen da ake faci da shi ya fi ƙarfinta. Ta zauna kawai tana jiran abin da zai zo.

"Tashi, raguwa," wani ya ce daga duhu. "Kama can."

Suka danna tare har fiton ya ɗauke. Sai ta ji ƙarnin kifi. Ƙafafunsa ba takalmi, sharkaf da ruwa, ga yashi tsakanin yatsu, a ƙasar da ba a taɓa yayyafi ba.

Ya sunkuyo ya ɗora hancinsa a kuncinta, ya daɗe. Babu numfashi.

"Da ni ne, da na fi ki saurin rufewa," Panapa ya ce.