Waƙar Gaji a Bakin Ruma'isa

Magariba ta gabato, kaji sun fara hawa makwancinsu, Fadi na tuƙa tuwo a tsakar gidansu na Magariya. Mijinta Kamalu yana ɗakin zaure, wanda ya manna wa katifu a bango ya mai da shi wurin ɗaukar sauti. Nan yake koya wa matasa shida kiɗa da aikin na'ura: inda ake dasa mikiro mai ɗaukar murya, da yadda ake daidaita murya da kalangu. Cikinsu har da 'yarsa Ruma'isa, wadda ta fi kowa kunne.

Ɗalibai sun watse, ya kashe komai, ya zare wayoyi. Sai lasifika ta ja numfashi. Bayan numfashin aka ji gurzar dutsen niƙa, a hankali, gaba da baya, ga shi kuwa gidan ba dutsen niƙa. Kamalu ya tsaya da waya a hannu, don ya san gurzar nan.

Kwana uku ana haka. Da rana ta faɗi sai tsakuwa ta riƙa sauka kan kwanon ɗakin, ɗaya bayan ɗaya, ba gaggawa. Ran na huɗu Ruma'isa ta ajiye ludayi ana cikin cin abinci, ta buɗe baki, muryar ubanta ta fito. Duk abin da ya taɓa faɗa a ɓoye ta maimaita shi: gulmar liman, da rainin da ya yi wa girkin surukarsa, har da irin tarinsa. Maƙwabta suka cika ƙofa suna ji. Kamalu ya so ƙasa ta tsage ya shige.

Fadi ta aika garin Bande aka ɗauko Malam Ɗayyabu, dattijo mai ruƙiyya, marar yawan magana. Ya zauna gaban yarinyar bayan la'asar ya yi ta karatu, har inuwar katanga ta rufe tsakar gida. Can ta ɗago kai, ta yi magana da wata murya mai kauri wadda ba ta kowa ba ce a gidan.

"Wane ne kai?" in ji malam.

"Maƙwabcin Gaji ne ni, ta ƙauyen Kwaya. Shekara talatin ina zaune gindin dutsenta."

"Me yarinya ta yi maka?"

"Ba ta yi ba. Tambayi ubanta."

Kamalu ya sunkuyar da kai, maganar ta fito da ƙyar. Gaji tsohuwa ce da ɗanta guda ya rasu, kullum in tana niƙa sai ta yi masa waƙa tana kuka. Ya je ya roƙe ta ya ɗauki waƙar, ta ce a'a, wannan tsakaninta da ɗanta ne. Sai ya yi sallama, ya bar jakarsa a gindin danga da na'ura a kunne, ya dawo daga baya wai mantuwa ya yi. Da waƙar ya koya wa ɗalibai haɗa sauti. Suka ɗora mata kalangu da jita, ta yi daɗi, ta bi wayoyi. Shi ne fa mutumin da darasinsa na farko kullum shi ne kada a ɗauki muryar kowa sai da izininsa.

"Ran kasuwa Gaji ta ji kukanta a wayar ɗan kabu-kabu, samari na rawa," in ji muryar. "Tun ranar ba ta sake buɗe baki ba. Uban yarinyar nan ya ɗauke min muryar da nake saurare, ni ma na ɗauke masa. Na riƙe ta wannan yarinya har abada."

"Ba a kama wani da laifin wani," malam ya ce. "Ka ji tsoron Allah. Faɗi abin da za a iya."

Aka daɗe ana ja. Aljanin ya ce a kwaso waƙar daga kowace waya, malam ya ce wannan ya fi ƙarfin ɗan Adam. Daga ƙarshe ya yarda da abu biyu: Kamalu ya goge ta a gaban ɗalibansa, ya faɗa musu da bakinsa yadda ya same ta, sannan ya je Kwaya ya durƙusa gaban tsohuwar. Kamalu ya rantse. Yarinyar ta yi atishawa sau uku, ta zube jikin uwarta.

Ya cika duka biyun. Ɗalibai suka saurare shi ba mai kallon fuskarsa. Gaji kuwa ta bar shi durƙushe har ƙafarsa ta mutu, sannan ta ɗaga masa hannu ya tafi.

Ruma'isa ta warke, muryarta ta dawo sarai. Bayan mako guda ta zo ƙofar ɗakin zaure, da alama akwai abin da ke cinta wanda take son gaya wa ubanta. Ya yi murna, ya jawo mata kujera. Ba ta zauna ba. Ta dubi mikiro, ta dubi jakarsa da ke rataye, sannan ta dube shi.

"Baba," ta ce, "na'urar a kashe take?"