Gashin da Ke Jikin Mataji

Tun safe Mama ke zarya tsakanin falo da kicin, wasu takardu a hannunta. Ɗanta Injiniya na shigowa ta cilla masa.

"Karanta! Malamar makarantar da kake mutuwa a kanta, ga abin da ke jininta!"

"Yaushe Malama ta yi gwaji?"

"Ni na yi mata. Ranar da ta zo gaishe ni ta gyara kai a ɗakin ƙanwarka Auta, na tsince gashin da ke jikin mataji. Na haɗa da naka na kai lab, ɗakin gwaji, suka karance ƙwayoyin halittarku kaf. Ciwon zuciya ne na gado, mai kayar da mutum yana tsaye. Ba za a shigo min da shi zuri'a ba!"

"Ba da saninta ba? Mama, ai wannan sata ce!"

"To kira wa uwarka 'yan sanda! Na ma riga na tura guruf ɗin dangi a waya."

Kafin mako ya zagayo zancen ya kai makaranta. Shugaban makarantar ya ce Malama ta ɗan huta a gida tukuna. Ta yi kuka har idonta ya kumbura, amma ba ta zagi kowa ba.

Injiniya ya kasa zaune ya kasa tsaye. Ya yi ta juya takardun, sai ga shafi na biyu, wanda Mama ba ta ko buɗe ba: masu gashin nan biyu uwa ɗaya uba ɗaya suke. Gashin Auta ne!

Da gudu ya kai wa Malama. "Yanzun nan zan tura guruf, kowa ya gani!"

Ta riƙe masa waya. "Kada ka soma! Abin da aka yi min kake so a yi wa Auta? Ka kai ta wurin likita yau. Surutu kuwa, a bar shi a kaina."

Injiniya ya koma ya nuna wa Mama shafi na biyu. Da kanta ta je gidan su Malama, ta kasa ɗaga ido.

"'Yata, na tona miki asirin da ba ma naki ba, ke kuma kin rufe na 'yata. Ki yafe min."

"Ya wuce, Mama. Yaya jikin Auta?"

Mama ta shiga guruf ta kuma je gaban shugaba, ta ce takardar ba ta Malama ba ce. Ta wace ce? "Ba ruwanku!" in ji ta. Malama ta koma aji, Auta na shan magani, aure kuma aka ɗaura.

Ku ji da kyau, yara da manya: abin da ke cikin jinin mutum nasa ne, shi ke da ikon faɗa ko yin shiru. Ba wanda ya zaɓi abin da ya gada. In za ku gwada mai shigowa gidanku, ku gwada hali.